Jiragen Sojan da Suka Faɗi da Rahotannin da Ba a Karanta Ba: Tarihi Daga Uzebba Zuwa Kaduna

Rundunar Sojin Sama ta Najeriya ba ta cika shekara shida da kafuwa ba sai da ta binne shugabanta, wanda ya rasu yana tuƙa jirgi da hannunsa. A watan Oktoba na 1969, saura wata uku yaƙin basasa ya ƙare, Kanar Shittu Alao ya tashi shi kaɗai a cikin wani ƙaramin jirgi samfurin L-29. Yanayi ya ɓaci masa a hanya, ya nemi saukar gaggawa a garin Uzebba da ke Jihar Edo ta yau, jirgin ya faɗi da shi. Kafin shi, a cikin wannan yaƙin dai, Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Kanar Joseph Akahan, ya riga ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu. Ke nan tun ƙasar tana ƙuruciyarta ta ɗanɗana ɗacin rasa manyan hafsoshi a sararin sama.

Daga wancan lokaci zuwa yau, duk sanda jirgin soja ya faɗi, tambaya biyu ce ke biyo baya. Ta farko ita ce ta iyalan mamata da abokan aikinsu: me ya faɗo da shi? Ta biyu ita ce ta gwamnati da majalisa: wane jirgi za a saya ya maye gurbinsa? An daɗe ana amsa su a ɗakuna daban-daban, kwamitin bincike yana nasa zama, masu kwangila suna nasu. Tarihin da ke tafe yana nuna cewa raba su ɗin nan ya ci rayuka, ya kuma ci dukiya, domin amsar tambayar farko ita ce ya kamata ta zama tushen amsar ta biyu.

Shekarun wadata

An kafa rundunar da doka a 1964, kuma Jamus ta Yamma ce ta taimaka wajen ɗora harsashinta. Shugabanninta biyu na farko ma Jamusawa ne, Kanar Gerhard Kahtz da Kanar Wolfgang Thimmig, kafin a miƙa ta ga ɗan ƙasa, George Kurubo, a 1966. Kaduna ce ta zama makarantarta ta farko. Da yaƙi ya ɓarke a 1967, ƙasashen Yamma suka ƙi sayar wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon jiragen yaƙi, sai ta juya ga Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta, aka kawo MiG-17 da Il-28 da L-29, har da matuƙa daga Masar. Tun daga nan rundunar ta saba da wani hali da bai rabu da ita ba: sayen jirgi daga wurin duk wanda ya yarda ya sayar, a lokacin da wuta ta riga ta kama.

Bayan yaƙi kuɗin man fetur suka shigo. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa tsakiyar na 1980 aka yi sayayya ba ƙaƙƙautawa: C-130 Hercules na dakon soja da kaya daga Amurka, MiG-21 daga Sobiyet, Alpha Jet ƙirar haɗin gwiwar Jamus da Faransa, G.222 da MB-339 daga Italiya, L-39 daga Cekoslobakiya, sai kuma Jaguar guda 18 daga Birtaniya. A takarda, babu rundunar da ta kama ƙafarta a Afirka ta Yamma.

Amma kowane samfurin jirgi yana zuwa ne da nasa dangi. Yana da injin da ba ya shiga jikin wani jirgin, da kayan gyaransa, da littattafan aikinsa, da makanikan da sai an yi shekaru ana horar da su a kansa shi kaɗai. Kuɗin da ake kashewa wajen riƙe jirgin yaƙi a tsawon rayuwarsa sukan ninka kuɗin sayensa. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, Naira ta karye, sai kuɗin kayan gyara suka fara yankewa. Jiragen Jaguar da suka iso a tsakiyar shekarun 1980 ba su kai shekara goma suna aiki ba aka ajiye su a Makurɗi, rana da ruwa suka ci gaba da dukansu. Ba abokin gaba ne ya kakkaɓo su ba. An saye su ne ba tare da an tanadi abin ciyar da su ba, kamar wanda ya sayi ingarman doki bai tanadi harawa ba.

Asabar ɗin Ejigbo

A cikin wannan hali na ƙarancin kuɗi da tsufan kayan aiki aka wayi gari ranar Asabar, 26 ga Satumba, 1992. Da yammacin ranar wani jirgin C-130 mai lamba NAF 911 ya tashi daga Ikeja ta Legas zai nufi Kaduna. Mafi yawan waɗanda ke ciki ɗaliban Kwalejin Horar da Manyan Hafsoshi ta Jaji ne, masu muƙamin Manjo da takwarorinsu na sojin ruwa da na sama, suna komawa makaranta bayan rangadin karatu. Akwai kuma baƙin hafsoshi daga wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Ghana da Tanzaniya da Zimbabuwe da Yuganda, waɗanda suka zo neman ilmi tare da su.

Mintuna kaɗan da tashi injunan jirgin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har uku daga cikin huɗu. Matuƙan suka yi ƙoƙarin kauce wa gidajen jama'a, jirgin ya nutse a cikin fadamar Ejigbo, ba nisa da filin da ya baro. Babu wanda ya tsira. Aikin ceto ya yi jinkiri matuƙa, aka ɗauki kwanaki ana zaƙulo gawarwaki daga cikin taɓo, alhali wurin yana cikin birnin da ya fi kowane birni a ƙasar yawan kayan aiki.

Har yau alƙaluman mamatan ba su tsaya wuri ɗaya ba, wasu na cewa 158, wasu 163. Wannan saɓani shi kansa hujja ne a kan yadda aka cika jirgin. An ƙera C-130H ne domin ɗaukar soja 92, mai dogon jikin kuma 128, ga shi an haura 150 tare da kayansu. Me ya kashe injuna uku a jere? An yi maganar gurɓataccen mai, an yi ta rashin gyara, an yi ta nauyin kaya. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa kwamitin bincike, amma ba a ɗora wa jama'a cikakken rahotonsa a gabansu ba.

Da bayani ya yi ƙaranci, sai jita-jita ta cika gurbin. Shekara biyu ke nan da yunƙurin juyin mulkin Manjo Gideon Orkar na 1990, zukata cike suke da zargi, don haka mutane da yawa suka gaskata cewa da gangan aka hallaka wannan rukuni na matasan hafsoshi. Babu wanda ya kawo hujjar da ta tabbatar da haka, amma kuma babu takardar hukuma a hannun jama'a da za ta kore zargin. Ƙasa ta yi asara biyu a rana ɗaya: ta rasa zubin hafsoshin da ake sa ran su ne za su riƙe rundunoni a shekaru ashirin masu zuwa, ta kuma rasa darasin da mutuwarsu za ta iya koyarwa. Matan da suka bari sun shafe shekaru suna bibiyar alƙawuran gidaje da na karatun 'ya'ya da aka yi musu a bakin kabari.

Abin da ya biyo baya ya ƙara dagula al'amura. Soke zaɓen 12 ga Yuni na 1993, da rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa a 1995, suka jawo wa ƙasar takunkumin makamai daga Turai da Amurka. Kayan gyara suka yanke daga inda aka ƙera jiragen, a daidai lokacin da ake tura Alpha Jet da C-130 aikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG a Laberiya da Saliyo. Makanikai suka koma ciro kaya daga jikin wannan jirgi suna sa wa wancan. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, kaso mai yawa na jiragen rundunar ba ya iya tashi.

Wata ɗaya, hatsari biyu

Watan Satumba na 2006 ya ba mu abin kwatance da ba a cika samun irinsa ba. A ranar 2 ga watan, wani jirgin sintiri na sojin saman Birtaniya, samfurin Nimrod mai lamba XV230, ya kama wuta ya tarwatse kusa da Kandahar a Afganistan, soja 14 suka mutu. Bayan kwana goma sha biyar, ranar 17 ga wata, wani jirgin Dornier 228 na sojin saman Najeriya ya tashi daga Abuja ɗauke da manyan hafsoshin sojin ƙasa zuwa wani taro a Obudu. Ya daki tsauni a Jihar Binuwai, mutum 13 daga cikin 18 suka rasu, goma daga cikinsu janar-janar ne. Wani yaro ɗan ƙauyen da ke kusa shi ne ya fara isa wurin, kuma ta hanyarsa labari ya kai ga hukuma.

A Najeriya an yi zaman makoki, an yi jana'iza ta girmamawa, an ambaci rashin kyawun yanayi. Daga nan maganar ta lafa.

A Birtaniya kuwa, nan aka fara. Kwamitin soja ya fitar da rahotonsa a Disamba 2007, ya nuna cewa jim kaɗan bayan jirgin ya sha mai a sararin sama daga wani jirgin dakon mai, sai man ya kwarara ya taɓa wani bututun iska mai tsananin zafi, a wani lungu na jikin jirgin da ba shi da na'urar gano wuta balle ta kashe ta. Sakataren Tsaro Des Browne ya tsaya a majalisa ya nemi gafarar iyalan mamatan. Duk da haka ba a tsaya nan ba. Aka naɗa wani lauya mai zaman kansa, Charles Haddon-Cave, ya bi diddigin yadda aka yi har irin wannan aibu ya shekara da shekaru a jikin jirgi ba a gani ba.

Rahotonsa ya fito a Oktoba 2009, shafi kusan 600, kuma kowa na iya karanta shi. Ya gano cewa tsakanin 2001 da 2005 an biya kamfanin BAE Systems ya tantance haɗurran da ke tattare da jirgin, an sa kamfanin QinetiQ ya duba aikin, ma'aikatar tsaro ta karɓa, amma aikin cike yake da kurakurai da guraben da ba a cike ba. Ya ambaci sunayen mutum goma da ya ɗora wa alhaki, har da manyan hafsoshi. Ya nuna yadda shekarun rage kasafi da yawan sauye-sauyen ofisoshi suka sa maganar kuɗi ta danne maganar lafiyar jirgi. Sannan ya taɓo jijiyar da ta haɗa bincike da sayayya: jirgin da ya faɗi ya fara aiki ne tun 1969, kuma da sabon samfurin da aka yi kwangilarsa domin maye gurbinsa, Nimrod MRA4, ya iso a kan lokaci, da wuya a ce tsohon yana sama a ranar. Jinkirin kwangila a ofis ya zama ɗaya daga cikin sanadin mutuwar mutane a fagen daga.

Sakamakon ya zo da sauri. A 2010 aka kafa hukuma ta musamman mai sa ido kan lafiyar jiragen soja, wadda ba ta ƙarƙashin kwamandojin da ke tura jiragen aiki. A shekarar ne kuma aka yi wa tsofaffin Nimrod ritaya, aka soke kwangilar MRA4 bayan an kashe mata fiye da fam biliyan uku. Birtaniya ta zauna kusan shekara goma ba ta da jirgin sintirin teku irin wannan, har zuwa lokacin da jiragen P-8 Poseidon guda tara da ta yanke shawarar saya daga Amurka a 2015 suka fara isowa a 2020. Gaskiyar ta yi tsada, ta kuma kunyata manya, amma rundunar ba ta rushe ba, asirin yaƙinta kuma bai tonu ba.

Darasin da ke cikin gida

Ba sai an je Turai ba kafin a ga amfanin buɗaɗɗen bincike. A daidai wannan zamani jiragen fasinja na Najeriya sun shiga mummunan yanayi. Jirgin Bellview ya faɗi a ƙauyen Lisa a Oktoba 2005 da mutum 117. Na Sosoliso ya kama wuta a Fatakwal a Disamba na shekarar, akasarin mamatan yara 'yan makaranta. A ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja zuwa Sakkwato, aka rasa mutum 96, ciki har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo.

Wannan jerin masifu ya haifar da sabuwar dokar sufurin jiragen sama ta 2006, wadda ta samar da hukumar binciken haɗurran jirage mai cin gashin kanta, AIB, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa ta zama NSIB. Ƙa'idar duniya da hukumar ke bi ta ce manufar bincike ita ce hana maimaituwar hatsari, kuma a wallafa rahoton ƙarshe kowa ya gani. Rahoton ADC, alal misali, ya bayyana yadda aka tashi cikin hadari, iska mai juyawa farat ɗaya ta daki jirgin, da yadda matakin da aka ɗauka a ɗakin tuƙi bai dace da halin da ake ciki ba. Irin wannan bayani shi ke shiga manhajar horar da matuƙa, shi ke sa a kafa na'urorin auna iska a filayen jirage. An sake shan ɗaci a hatsarin Dana na 2012 a Legas, amma daga baya faɗuwar manyan jiragen fasinja ta yi sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da waɗancan shekaru.

Sai dai Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ita ce uwar waɗannan ƙa'idoji, ba ta shafi jiragen soja ba. Kowace ƙasa ita ke zaɓar yadda za ta binciki nata. A Najeriya rundunar da ta mallaki jirgin, ta gyara shi, ta horar da matuƙinsa, ta ba shi umarnin tashi, ita ce kuma ke zama ta binciki kanta. A haka aka rasa Gwamnan Kaduna Patrick Yakowa da tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Janar Andrew Azazi, a jirgin sojin ruwa mai saukar ungulu a Jihar Bayelsa ranar 15 ga Disamba, 2012, aka sake barin jama'a da hasashe.

Fafe gora ranar tafiya

Da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari, sai buƙatar jirage ta taso gadan-gadan a kan rundunar da aka yi shekaru ana yi wa rowa. Jiragen F-7 guda 15 da aka yi odarsu daga Sin a 2005 an ƙera su ne domin tare jirgin abokin gaba a sama, ba domin farautar mayaƙa a kan babura a dajin Sambisa ba, kuma an yi asarar da dama daga cikinsu a haɗurra. A Satumba 2018 biyu suka gogi juna a sararin Abuja suna atisayen bikin 'yancin kai, Skwadiron Lida Bello Baba-Ari ya rasu. Nauyin yaƙin ya koma kan Alpha Jet, jiragen da suka haura shekara talatin, da kuma jiragen Rasha masu saukar ungulu.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi. Kwamitin da Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa a 2015 domin bin kadin sayen makamai ya bankaɗo wani misali mai tayar da hankali. Bisa abin da fadar shugaban ƙasa ta sanar a Janairu 2016, an sayo wa rundunar tsofaffin jirage masu saukar ungulu samfurin Mi-24V guda biyu a kan kusan dala miliyan 137, maimakon sabon samfurin da aka ba da shawarar saye. Kwamitin ya ce farashin ya wuce kima, jiragen kuma ba su cancanci tashi ba a lokacin da aka kawo su. Ɗaya daga cikinsu ya faɗi ya kashe jami'an rundunar biyu. A nan babu wani nisa tsakanin teburin kwangila da maƙabarta.

Shekarar 2021

Ranar Lahadi, 21 ga Fabrairu, 2021, wani jirgin King Air 350 ya tashi daga Abuja zuwa Minna domin taimaka wa neman ɗaliban Kagara da aka sace. Matuƙin ya ba da rahoton matsalar inji, ya juyo, jirgin ya faɗi dab da titin sauka, jami'ai bakwai suka rasu. Ranar 31 ga Maris wani Alpha Jet ya ɓace a Borno da matuƙa biyu, sai bayan kusan shekara guda sojoji suka tsinci tarkacensa a Sambisa. Ranar Juma'a, 21 ga Mayu, wani King Air ɗin ya ɗauko Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, wanda bai cika wata huɗu a kan muƙamin ba, zai halarci bikin yaye sabbin sojoji a Zariya washegari. Ana cikin hadari da ruwan sama jirgin ya faɗi kusa da filin jirgin saman ƙasa da ƙasa na Kaduna. Mutum 11 suka rasu, ciki har da Birgediya Janar uku. A cikin wata uku an rasa mutum 20. A makon da aka yi wannan rashi ne kuma rundunar ta yi bikin karɓar sabbin jiragen JF-17 guda uku daga Pakistan a Makurɗi.

A wannan karo an yi wani abu sabo da ya cancanci yabo. Rundunar ta gayyaci hukumar AIB ta farar hula ta shiga binciken hatsarin Kaduna, aka gano na'urorin naɗar bayanan jirgin, kuma a watan Satumba hukumar ta miƙa wa Babban Hafsan Sojin Sama, Iya Mashal Oladayo Amao, rahoton wucin gadi mai ɗauke da abubuwa 27 da aka gano da shawarwari takwas na gaggawa. An sanar da adadinsu, amma ba a sanar da abin da suka ƙunsa ba. Ƙofar ta buɗe rabi, ta tsaya.

Ƙasar Ghana ta nuna cewa ana iya ƙarasa buɗe ta. A ranar 6 ga Agusta, 2025, jirgin sojinta mai saukar ungulu samfurin Z-9 ya faɗi a hanyar Obuasi da mutum takwas, ciki har da Ministan Tsaro Edward Omane Boamah da Ministan Muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Cikin 'yan watanni aka bayyana wa jama'a sakamakon bincike: iska mai dannowa ƙasa ce ta fizgo jirgin a kan tuddai, kuma jirgin ba shi da wasu na'urorin kariya na zamani, irin mai gargaɗin matuƙi idan ya kusanci tsauni. Shawarar da ta fito daga rahoton kai tsaye ta shafi irin jiragen da za a saya da irin horon da za a bayar.

Jiragen gobe

Najeriya tana tsakiyar sayayya mafi girma tun bayan shekarun wadatar mai. Jiragen A-29 Super Tucano guda 12 sun fara isowa a Yuli 2021, a cinikin da ya kai kusan dala miliyan 500. Abin lura a cinikin shi ne bai tsaya kan jiragen kaɗai ba, ya haɗa da horar da matuƙa da makanikai a Amurka, da kayan gyara, da gine-gine a sansanin Kainji. Akwai jiragen T129 masu saukar ungulu daga Turkiyya, akwai AH-1Z guda 12 da Amurka ta amince a sayar a 2022, akwai kuma M-346 guda 24 daga kamfanin Leonardo na Italiya, waɗanda ake sa ran su karɓi aikin Alpha Jet. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma sojojin da ke Zamfara da Borno da Neja suna buƙatarsa.

Amma tsohon ciwon yana nan. Runduna ɗaya tana riƙe da jiragen Amurka da Rasha da Sin da Pakistan da Italiya da Turkiyya, kowanne da nasa layin kayan gyara, kowanne kuma siyasar duniya na iya datse shi, kamar yadda yaƙin Yukiren ya wahalar da masu amfani da jiragen Rasha tun 2022. Idan ba a rubuta kuɗin riƙe M-346 na shekara ashirin a cikin lissafi tun yanzu ba, babu abin da zai hana shi bin sawun Jaguar.

Akwai masu cewa rahoton hatsarin soja sirri ne na tsaro. Wani ɓangarensa na iya zama haka, kamar inda jirgi ya nufa da makaman da ya ɗauka, kuma ana iya cire wannan a wallafa sauran. Amma gurɓataccen mai, da injin da ya wuce sa'o'in aikinsa, da matuƙin da gajiya ta cinye, da babban hafsan da ya matsa a tashi cikin hadari, ba su daga cikin asirin yaƙi, kuma ɓoye su ba ya kare kowa sai mai sakaci. Akwai kuma masu cewa ƙaddara ce. Mun yi imani cewa rai ba ya wuce wa'adinsa, kuma wannan imani shi ke sanyaya zuciyar uwa da matar mamaci. Sai dai addinin da ya koya mana haka shi ne kuma ya ɗora mana riƙon amana da bin sababi, kuma ran sojan da ya hau jirgin gwamnati amana ce a wuyan waɗanda suka saya, suka gyara, suka ba da izinin tashi.

Abin da wannan tarihi ke nema a fili yake. A kafa doka da za ta sa binciken duk hatsarin jirgin soja da aka rasa rai ya kasance a hannun masu binciken da ba sa karɓar umarni daga kwamandan da abin ya shafa. A sa wa'adin wallafa sakamakon, a fara sanar da iyalai kafin kowa. A ba makanike da ƙaramin matuƙi kariya idan suka ce jirgi bai cancanci tashi ba, ko da mai jiran hawa janar ne. A daina tara manyan kwamandoji a jirgi ɗaya. Sannan kwamitocin tsaro na Majalisar Dattawa da ta Wakilai su ƙi sa hannu a kan kuɗin sabon jirgi sai an kawo musu abu biyu tare da takardar farashi: lissafin abin da riƙe shi zai ci har ƙarshen rayuwarsa, da bayanin abin da aka yi da shawarwarin rahotannin baya, ɗaya bayan ɗaya. Matasan da ke koyon tuƙi a Kaduna da Kano a yau su ne za su hau waɗannan jirage, kuma haƙƙinsu ne a kan ƙasa ta san abin da ya kashe magabatansu kafin ta tura su sama.